Hoto Mai Kyau, Amma Nawa Ne Kuɗinsa?

A zamanin da muke yara, gida ɗaya ne ke da telebijin a unguwarmu, mu taru a tsakar gidan mu kalli NTA har a rufe tasha. Yau kuwa ko'ina ka duba bisa rufin kwano za ka ga faifan tauraron ɗan adam yana fuskantar sama.

Abin da ake tallarsa yanzu shi ne HD, watau hoto mai tsabta ƙwarai. Hoton da muka saba da shi layi 576 ne, na HD kuwa yakan kai 1080. Gaskiya yana da kyau. Za ka ga har gumin ɗan wasan ƙwallo. Amma sai akwatinka da dikodarka duka na HD ne, kuma a ƙaramin akwati bambancin kaɗan ne. In hadari ya haɗu aka sako ruwa, hoton yakan ɗauke.

To, bari mu yi lissafi. A watan Maris na 2025 DStv ta mai da babban tsarinta, Premium, ₦44,500 a wata, Compact kuma ₦19,000. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 shi ne ₦70,000. Ashe Premium ya cinye fiye da rabinsa. Ko Compact ɗin, a shekara ₦228,000 ke nan. Mai gida, ka ajiye wannan kusa da kuɗin makarantar yara da zakar Ubangiji, ka duba. Kada ka manta kwanakin suna tafiya ko akwai wuta ko babu. In babu, ga kuɗin man janareta kuma.

Ban ce ba shi da amfani ba. Labarun duniya, shirye-shiryen dabbobi da kimiyya, da waƙoƙin yabo suna buɗe wa yaro ido. Amma a ajina ina gane washegarin wasan ƙwallon Turai, don rabin yaran gyangyaɗi suke yi, aikin gida kuwa ba a taɓa ba.

Mu a gidanmu mun zauna da uwargida muka ƙidaya tashoshin da muke kallo da gaske. Ba su wuce biyar ba, uku a cikinsu ma ana kama su kyauta. Muka koma ƙaramin tsari. Yara sun yi gunaguni mako biyu, sa'an nan suka manta.