Kafin Ki Aiki Yaro Wurin Mai Caji

Uwargida, waya taki ce, Android ba ta hana ki sa manhajar da kike so, ko ba daga Play Store ba. To amma wadda mai caji ya tura miki ta Xender, wa ya duba ta? Wata shigowa take ta kwashe hotunanki da lambobin dangi. Manhajojin ba da bashi sun yi ta wannan ta'asa, har a 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna. Sai dai dokar a Play Store ta tsaya. In za ki aiki yaro, ce masa fim da karatu kaɗai. Tocila kuwa in ta nemi karanta saƙonninki, goge ta, don nan banki ke turo lambar sirri.