Masu Sasanta Garkuwa da Jirage Marasa Matuƙa a Aikin 'Yan Sanda

A ƙasashe da dama, rundunar 'yan sanda kan ware wasu jami'ai na musamman waɗanda aikinsu shi ne magana. Su ake nema idan wani ya yi garkuwa da mutane, ko ya kulle kansa a gida da makami, ko ya hau dogon bene yana barazanar faɗowa.

Asarar rayuka ce ta haifar da wannan fanni. A 1971 jami'an tsaro suka afka wa gidan yarin Attica da ke jihar New York, aka ƙare da mutuwar mutum 43. Shekara guda bayan haka aka kashe 'yan tawagar Isra'ila 11 a gasar Olamfik ta Munich, yawancinsu a lokacin da yunƙurin ceton da 'yan sandan Jamus suka yi ya ci tura. Jamus ta kafa rundunar farmaki ta GSG 9, su kuwa 'yan sandan birnin New York suka bi wata hanya dabam. A 1973 Harvey Schlossberg, ɗan sanda mai digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan'adam, da Frank Bolz suka tsara rukunin masu sasantawa. A watan Janairun shekarar, wasu mutum huɗu sun tsare jama'a a wani kanti a Brooklyn, aka shafe awa 47, daga bisani suka miƙa wuya, waɗanda aka tsare kuma duk suka tsira.

Tushen aikin shi ne jan lokaci. Mutumin da zuciya ta ɗebe shi ba ya jin nasiha, amma fushi na da iyaka. Yunwa, gajiya da barci sukan sauko da shi. Saboda haka jami'i ɗaya ke riƙe waya, na biyu na saurare yana miƙa masa shawara a rubuce, wani kuma na tono tarihin mutumin. Mai magana yakan fi saurare, ya maimaita wa mutum ƙorafinsa don ya san an ji shi, ya guji ƙarya, domin da zarar an kama shi da ita amana ta rushe. Da gangan ba a ba shi ikon yanke hukunci, don ya iya cewa sai ya tuntuɓi na gaba da shi. Abinci da ruwa ana musayarsu da sakin wani, makami kuwa ba a bayarwa.

Abin da ya faru a Waco ta Amurka a 1993 ya nuna illar rashin jituwa tsakanin masu lallashi da masu farmaki: bayan kwana 51 na ƙawanya, fiye da mutum 70 suka mutu a gobara. Hukumar FBI ta sake tsari a 1994, kuma a 1996 ta yi haƙurin kwana 81 da wasu masu tayar da ƙayar baya a Montana, aka rabu ba jini.

Jirgi maras matuƙi sabon hannu ne a wannan aiki. 'Yan sandan Devon, Cornwall da Dorset a Ingila sun kafa sashensa a 2017, birnin Chula Vista na Amurka kuma ya fara tura shi wurin da aka yi kiran gaggawa a 2018. Kyamararsa mai gano zafin jiki na nuna mutum cikin duhu, wasu ƙanana ma kan shiga ɗaki ɗauke da lasifika a yi magana ta cikinsu. Babban amfaninsa shi ne kwamanda ya ga ko bindiga ce a hannun mutum ko waya, ba tare da ya tura kowa bakin ƙofa ba.

Yana da nasa cikas. Batirin yawancinsu bai cika wuce rabin awa ba, iska da ruwan sama na hana su tashi, ƙararsu kan iya firgita wanda aka sha wahalar kwantar wa hankali. Masu kare haƙƙin jama'a kuma na da hujja idan suka tambayi wa ke ajiye hotunan gidajen maƙwabta, har zuwa yaushe. Shi ya sa wasu jihohin Amurka suka wajabta samun izinin alƙali kafin a yi leƙen asiri da shi, sai fa idan rai na cikin haɗari.