Sarki Istifanus na Hungari

Yau za mu duba Istifanus, sarkin Hungari na farko. Sunansa na yanka Bayik, sai da aka yi masa baftisma ya zama Istifanus. An naɗa shi wajen shekara ta 1000, lokacin yawancin mutanensa ba su san bishara ba.

Ya kafa doka cewa kowane ƙauyuka goma su haɗa kai su gina majami'a. Ran Lahadi kuwa kowa ya je sujada, yaro da babba, sai mai tsaron wuta kaɗai za a bari a gida. Ikkilisiya ta kafu, ko da yake doka ba ta tubar da zuciya.

A 1031 ɗansa Imre, magajinsa, ya mutu wajen farauta, aladen daji ya kashe shi. Don kada sarauta ta koma hannun Bazul, ɗan ƙanen mahaifin sarki, aka ƙwaƙule masa idanu, 'ya'yansa uku suka gudu. Wannan tabo ne, kada mu ɓoye shi.

Istifanus ya rasu a 1038. A 1083 aka sa shi cikin tsarkaka, kuma sarkin da ya nemi a yi haka, Ladislas, jikan Bazul ne.