Kiwon Dawakin Asali A Filato: Akwai Kasuwa, Babu Littafin Salsala

JOS – Duk shekara idan hunturu ya kama, mazauna Tudun Wada da sauran unguwannin da ke kusa da filin folo na Jos sukan ga manyan motoci suna shigowa gari ɗauke da dawaki daga Kaduna, Kano, Katsina, Zariya da Abuja, domin gasar ƙwallon dawaki da ake yi a birnin. Kwanakin gasar kwanakin ciniki ne ga masu yankan ciyawa, da masu sayar da dusa da harawa, da yaran barga, da masu masauki. Sai dai duk wanda ya zaga inda aka ɗaure dawakin, ya tambayi asalin waɗanda suka fi tsada, amsar da zai ji ba za ta wuce Ajantina ko Sudan ko Cadi ba. Ma'ana, kuɗi mafi tsoka a wannan harka, wato kuɗin sayen dokin kansa, waje yake fita.

Wannan bai dami kowa sosai ba a zamanin da Naira take da ƙarfi. Amma tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajarta take zubewa, kuma bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Dokin Ajantina da dala ake sayensa, da dala ake biyan jirgin da zai kawo shi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya hana a riƙa haifar irin waɗannan dawaki a gida, musamman a tsaunin Filato?

Ta fuskar yanayi dai, Filato ta dace da wannan kiwo. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga ciyawa mai daɗewa ba ta bushe ba. A Vom, tafiyar ƙasa da awa guda daga Tudun Wada, akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda take can tun 1924, da kwalejin horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi, da reshen cibiyar binciken cutar sammore. Ita kanta Tudun Wada, da gidajenta a cunkushe tsakanin duwatsu, ba ta da filin da za a saki goɗiya da ɗanta. Abin da take da shi kusanci ne da masu saye, da hannayen aiki. Fili yana can waje, wajen Bukuru, Kuru da Barikin Ladi.

Doki kuma ba baƙo ba ne a nan. Tun kafin zuwan Turawa, Birom da maƙwabtansu suna kiwon ƙuru, ƙaramin doki mai jimiri da suke hawa ba sirdi, suna farauta da shi, yana kuma shiga cikin dukiyar aure. Littattafan jinsin dawaki sun san shi da sunan Bhirum. Zuwan babur da mota ya rage shi matuƙa.

To amma yanayi da tarihi ba su ne ke sa doki tsada ba. Abin da ke sa shi tsada a kasuwar duniya takarda ce. Duk dokin sukuwa na jinsin Thoroughbred da ke duniya a yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, tana tuƙewa ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas shekaru ɗari uku da suka wuce: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. An san haka ne domin tun 1791 iyalin Weatherby suke fitar da littafin da ake rubuta kowace haihuwa a cikinsa, da sunan uwa da na uba. Dokar wannan littafi har yau ba ta karɓar duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura maniyyi. Dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, wanda hakan ke taƙaita yawan 'ya'yan kowane ingarma, ya riƙe farashi. A shekarar 2024, mai goɗiyar da ke son ingarman nan Frankel ya yi mata barbara sai ya biya fam 350,000. Manyan ingarmu irinsa sukan hau goɗiya fiye da ɗari a kaka guda. Mai biyan wannan kuɗi ba siffar doki yake saye ba. Yana sayen tabbacin cewa in an haifi ɗa, duniya za ta yarda ɗan wane ne.

A kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa, inda dawakin Nijar ke shigowa duk ranar Alhamis, ba haka ake ciniki ba. Mai saye yakan buɗe bakin doki ya duba haƙori, ya shafa ƙafafu, ya sa a zagaya da shi, ya kalli launi, ko akawal ne ko kili ko danda. Asali kuwa sai abin da dillali ya faɗa. Dillalan ba su rasa ido ba, akwai waɗanda ke gane doki fiye da likita, amma ido ba ya ganin kaka da kakan kaka. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan matsala a 1970, da misalin tsofaffin motoci: idan mai saye ba shi da hanyar bambance nagari da na banza, ba zai biya fiye da matsakaicin farashi ba, shi kuma mai nagarin sai ya janye daga kasuwa. Wanda ya kashe miliyoyi ya shigo da ingarma mai asali, ranar da ya kai ɗansa kasuwa, kalmarsa da ta wanda ya ƙaga asali da baki nauyinsu ɗaya. Akwai masu hali a Kaduna da Kano da Katsina da ke haɗa dawakin waje da na gida a gonakinsu, amma saninsu ya tsaya a zukatansu da na yaran bargarsu, ba ya bin doki in ya canza hannu sau biyu.

Akwai kuma al'ada. A ƙasar Hausa ingarma ake hawa. Shi ake yi wa ado ranar hawan salla, shi ake ɗaure wa turke a ƙofar gida, shi ake ba gero da kanwa. Goɗiya tana ƙauye, tana cin abin da ta samu, kuma sau da yawa duk ingarman da ke kusa shi ne uban ɗanta. Alhali rabin jinin duƙushi daga uwa yake, kuma ita ke ɗauke da shi wata goma sha ɗaya, ta shayar da shi wata shida. A Ajantina akasin haka ne: mafi yawan dawakin da ke buga manyan wasanni goɗiyoyi ne, har sukan cire ɗan tayi daga cikin gwanar goɗiya su dasa a wata, don kada ciki ya hana ta wasa. Ƙungiyar masu kiwon dawakin folo ta ƙasar, wadda aka kafa a 1984, ita ke riƙe da rajistarsu. Ingarman asali a kan goɗiyar da ba a zaɓa ba, rabin kuɗi ne aka zubar.

Lissafin jari ma yana da nauyi. Goɗiya ɗa ɗaya take haifa a shekara, in an yi sa'a. Ba a fara hawan duƙushi sosai sai ya kai shekara uku, kuma kafin ya goge a filin folo ya kai huɗu ko biyar. Ke nan daga ranar barbara zuwa ranar sayarwa, shekara biyar ce ta ciyarwa da magani da albashi, ba kwabo na shigowa. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. A kan wannan ma'auni, Naira ɗaya da aka ranta a shekarar farko ta zama fiye da Naira uku a ƙarshen ta biyar, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke karɓa. Ga ƙaramin mai kiwo, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Hanya ɗaya da ke rage masa nauyi ita ce ya riƙe goɗiyarsa ya biya kuɗin barbara kawai, wani ya ɗauki tsadar ingarma. Haka ake yi a Maroko, inda gidajen ingarmu na gwamnati a Marakesh, Meknes, Ujda, El Jadida da Buznika suke hidima ga masu goɗiyoyi, a kuma rubuta abin da aka haifa.

Cuta ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ke ƙarfafa hujjar haɗa jini. Annobar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa, tana iya kashe tara cikin goma na dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, yayin da na gida suka fi jure mata. Ita ce kuma ke rufe wa dawakin ƙasashen da take cikinsu ƙofar Turai, don haka kasuwar dokin Filato gida ce da maƙwabta. Tsohon zancen cewa babu ƙudan tsando a tsaunin ma ya sha ruwa, domin binciken da aka wallafa a 2013 ya samu sammore da yawa a shanun yankin. Sai kuma tsaro: rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010, da satar dabbobi a ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi, sun sa mai jari yakan yi tunani sau biyu kafin ya bar dukiyarsa a fili.

Batun manyan dawakin jan kaya irin su Shire na Ingila da Percheron na Faransa, masu nauyin da ke kusan tan guda, ba ya buƙatar dogon bayani. Manomin Arewa ya riga ya yi lissafinsa. Shanun huɗa suna ja masa garma da amalanke, bayan 'yan shekaru ya sayar da su ga mahauta sama da yadda ya saya, doki kuwa tsufa rage masa daraja yake yi.

Ƙidayar dabbobi ta 1990 ta samu dawaki kimanin 200,000 a Nijeriya, a gefen shanu kusan miliyan 14, don haka ba abin mamaki ba ne in hankalin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a Yulin 2024 ya fi karkata ga nama da madara. Amma littafin salsala ba aikin biliyoyi ba ne. Yana buƙatar magatakarda, da 'yar na'urar shaida da ake dasawa a wuyan duƙushi, da gwajin jini ko gashi don tabbatar da uba, da hukumar da masu dawaki suka amince ba za ta sayar da takarda ba. Ƙungiyoyin folo da na sukuwa da fadojin sarakuna su ne manyan masu saye. Ranar da suka ware kofi da kyauta ga dokin da aka haifa a gida mai rajista, ranar takardar za ta fara yin kuɗi. Vom tana da ɗakunan gwaji da likitoci, kuma shafukan farko na littafin za su iya ɗaukar sauran ƙurun Birom da suka rage a ƙauyuka.