Awon Kaifin Tunani a Farkon Taɓin Hankali

Galibi idan aka ce saurayi ya sami taɓin hankali, abin da dangi ke lura da shi shi ne sambatu, da jin muryoyin da babu masu su, da zargin cewa ana ƙulla masa sharri. Waɗannan su ne ke kai shi asibiti, su ne kuma magani ya fi saurin kwantarwa tun 1952 da likitocin Faransa suka fara aiki da ƙwayar chlorpromazine. Amma akwai wata illa da ke tafiya a ɓoye, watau raunin tunani: mutum ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa yanzu yanzu, ya kasa tattara hankalinsa wuri guda, aikin minti biyar ya ci masa rabin awa.

Cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, sunan da Eugen Bleuler ya raɗa mata a 1908, takan soma ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da yaro yake jami'a ko ya kama aikin gwamnati ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ke fama da ita. Raunin tunanin yakan riga sambatun bayyana, yakan kuma saura bayan sun lafa. A 1996 Michael Green na Amurka ya nuna cewa wannan rauni ya fi muryoyin da majinyaci ke ji tasiri a kan ko zai iya komawa bakin aikinsa. Shi ya sa ake ganin ɗalibi an sallame shi, iyaye na murna ya warke, ya koma aji ya faɗi jarrabawa, sai a ɗora laifin a kan lalaci.

Cikakken awo yana cin lokaci. Wanda masana suka shirya a Amurka, mai suna MCCB, gwaji 10 ne, kuma yakan haura awa guda. Saboda haka aka fito da gajeru. BACS, wanda Richard Keefe ya wallafa a 2004, kimanin rabin awa yake ɗauka. MoCA kuwa, na Ziad Nasreddine na Kanada, 2005, minti 10 ya ishe shi. A cikinsa akan karanta wa mutum kalmomi 5 a tambaye shi daga baya, a sa shi ya zana fuskar agogo, ya yi ta ɗebe 7 daga 100. Maki 30 ne, wanda ya kasa 26 sai a zurfafa bincike a kansa.

A nan fa sai an yi hattara. MoCA don tsofaffi masu mantuwa aka ƙirƙiro shi, kuma da masu ilmin boko aka gwada shi. Mahaddacin Alƙur'ani da bai taɓa zama a ajin boko ba yana iya kasa zana agogo, alhali kuwa ƙwaƙwalwarsa ta fi ta mai yi masa awon riƙe abu. Maki 1 da ake ƙara wa mai ƙarancin karatu bai isa ya rufe wannan giɓi ba. Lalle ya kamata asibitocinmu na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano su haɗa kai da jami'o'i a daidaita awon da Hausa, a kuma san makin da lafiyayyen mutuminmu ke ci kafin a yanke wa majinyaci hukunci.

Har ila yau ba a yin awon sa'ad da ciwo ke kan ganiyarsa, sai majinyaci ya natsu. Idan an ga rauni, likita zai duba ko akwai abin da ke ƙara shi, kamar shan wiwi, ko rashin barci, ko ƙwayar Artane da ake haɗawa don hana sandarewar jiki, wadda ita kanta takan dakushe riƙo. Sa'an nan akwai horon tunani da ake yi sannu a hankali, wanda bincike ya tabbatar yana da amfani gwargwado, musamman in an haɗa shi da koyon sana'a. Sakamakon awon kuma shi ne hujjar da likita zai rubuta wa shugaban sashe ko magatakardar makaranta, ya nemi a rage wa mutumin nauyin aiki ko a ƙara masa lokacin jarrabawa.