Masu dawakin bakin tekun Legas: Sana'ar da rairayinta ke ƙarewa

Ranar Lahadi da la'asar, ko washegarin Sallah, ko makon Kirsimeti, bakin tekun Elegushi da ke Lekki a Legas kan cika ya batse. Tun kafin baƙo ya gama biyan kuɗin shiga ya taka rairayi, samari za su nufo shi janye da dawakai, kowa na yabon nasa. Ciniki ake yi irin na kasuwa: a faɗi kuɗi, a taya, a daidaita kan inda za a kai a juyo. Wani hoto kawai yake so a ɗauke shi a kan sirdi, wani kuma sai an zagaya da shi. Farashin ranar Talata daban, na ranar biki daban.

Wanda ya kasa kunne zai ji cewa da yawa daga cikin samarin nan da Hausa suke magana a tsakaninsu, su juya su yi wa baƙo Turancin buroka ko Yarbanci. Su 'yan Arewa ne, dawakinsu ma daga Arewa aka kawo akasarinsu.

A Kano ko Katsina ko Zariya, doki abin sarauta ne da masu hali. Talaka ya fi saninsa daga gefen titi, ranar hawan Sallah ko hawan Daushe, bikin da hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Akwai masu hayar doki don kilisa ko angwanci, amma wannan harka ce ta samari da suka saba. A bakin teku kuwa babu wanda ake tambaya ɗan gidan wane ne. Yaro ɗan shekara biyar, matar aure da mayafinta, ma'aikacin banki, duk hawa suke yi. Ba abin mamaki ba ne a samu ɗan kasuwar da aka haifa a unguwar da ke kusa da fadar sarki, amma bai taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba sai da ya zo Legas saro kaya.

Kusan duk masu hawan 'yan koyo ne, kuma cikin minti goman da za su yi a sama, lafiyarsu na hannun mutum ɗaya: wanda ke riƙe da ragama.

Abin da mai jan doki ya sani

Daga nesa aikin kamar ba aiki ba. Mutum na tafiya a gaba, doki na bin sa. Amma gwani yakan fara ne tun kafin baƙo ya matso, da duba majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki. Majayin da aka ɗaure da safe yakan yi sako-sako bayan doki ya yi zirga-zirga ya yi gumi, kuma sirdin da bai ɗauru ba juyawa yake yi da zarar mai nauyi ya taka likkafa.

Ta hagu ake hawa. Mai dokin zai tsayar da baƙo daidai kafaɗar doki, ba ta bayansa ba, saboda idon doki na ganin kusan ko'ina a kewayensa in ban da wurare biyu: daidai bayansa da kuma dab da goshinsa. Abin da ya ɓullo masa ta inda ba ya gani, da harbi yake tarbarsa. Yayin da baƙo ke hawa, mai dokin kan danne likkafar dama da hannu don kada sirdi ya karkata.

Sai maganar ƙafa, wadda ita ce aka fi sakaci da ita a bakin teku, inda kowa ke yawo da silifa ko ƙafa ba takalmi. Gaban tafin ƙafa kaɗai ake sa wa a likkafa, a sauke diddige ƙasa. Mai jin tsoro yakan tura ƙafar gaba ɗaya har idon sawu don ya ji ya kafu. Faɗuwa a kan rairayi sau da yawa abin dariya ce, a tashi a karkaɗe jiki. Faɗuwa da ƙafa maƙale a likkafa, doki na gudu yana jan mutum, ita ce ke karya ƙashi ko ta yi kisa.

Linzami ma haka. Na gargajiya da aka saba da shi a Arewa ƙarfe ne mai zafi a bakin doki, an ƙera shi ne don mahayi ya iya tsayar da ingarma nan take daga sukuwa, kamar yadda ake gani wajen jafi a ƙofar fada. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. Ɗan koyo kuwa da ya ji doki ya motsa, abin da ke hannunsa yake finciko. Dokin da aka ji wa ciwo a baki zai ɗaga kai, ya ja da baya, wani lokaci ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya. Shi ya sa mai dokin da ya san aikinsa ba ya sakar wa baƙo igiyar linzami. Yakan ce masa ya riƙe gaban sirdi ko gezar doki, ya miƙe bayansa, ya kalli gaba, ya daina matse cikin doki da ƙafafu, tunda a wurin doki matsewar nan umarni ce ta ƙara sauri.

Idonsa kuma na kan kunnuwan dokin. In suka kwanta baya, rai ya ɓaci. Abubuwan ɓata wa doki rai kuwa ba su da iyaka a wurin: manyan lasifiku na kiɗa, babura masu ƙafa huɗu da ake haya suna ratsa jama'a, ƙwallon da yara suka bugo, ledar da iska ta ɗebo.

Ko inda ake bi da dokin akwai ilimi a ciki. Busasshen rairayi mai zurfi yana nutsar da kofato, ya gajiyar da doki, ya ja masa jijiyoyin ƙafa. Jiƙaƙƙen rairayin da ruwa ya janye ya bari ya fi ƙarfi da daɗin takawa, kuma sau biyu a kwana guda teku ke cikowa ya janye. Sai dai gaɓar Legas ba ta wasa ba ce. Igiyar ruwan Atlantika na dukanta da ƙarfi, tana kuma kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa idan za ta koma. Baƙi na son a shiga da su ruwa don hoto ya yi kyau. Mai hankali a cikin masu dawakin iyakarsa inda kumfa ke mutuwa.

Ba kowa ke bin wannan ƙa'ida ba. Wasu samarin, musamman in baƙo ya ƙara kuɗi ko ana son burge 'yan kallo, sukan ɗare bayan sirdi su saki doki da sukuwa cikin jama'a, mutum biyu a kan dabba ɗaya. Doki a tafiyarsa ta yau da kullum bai wuce kilomita 6 ko 7 a awa ba. A sukuwa yana kai 40. Kan mahayi kuwa ya fi mita 2 daga ƙasa, kuma da wuya a ga mai hular kwano a wuraren nan, ko da ƙaramin yaro ne aka ɗora. Wannan ganganci ne, ko da kuwa baƙon ne ya nema da bakinsa.

Dokin Arewa a ƙasar ruwa

Kawo doki Kudu ba sabon abu ba ne. Daular Oyo ta yi ƙarfi ne da rundunar mahaya, kuma daga Arewa take sayen dawakin, ta hannun Nufawa da mutanen Borgu da fataken Hausawa, saboda ƙudan tsando da cutar sammore ba sa barin doki ya hayayyafa a ƙasar kurmi. Har gobe a bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, wanda ake yi bayan Babbar Sallah, hawan doki ne ke jan hankalin jama'a. A Ikoyi kuma akwai kulob ɗin wasan folo da ya samo asali tun 1904.

Dokin bakin teku ba ya cikin masu gata irin na folo. Yakan iso ne a mota bayan tafiyar kilomita kusan 1,000 daga yankin Kano, ya sauka a garin da babu harawa a bayan gida, babu karan dawa, babu filin kiwo. Dusa da gero da ciyawa duk saye ake yi, a farashin Legas. Doki na shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a rana, ya fi haka in yana aiki cikin zafi, ga shi ruwan da ke shimfiɗe a gabansa na gishiri ne. Shi ma na sha sai an saya ko an ɗebo.

Damshin gaɓar teku na lalata kofato da fata. Gumi da gishiri da rairayi in suka taru a ƙarƙashin sirdi, goga bayan doki suke yi har su buɗe miki, kuma da tsumma ake rufe mikin a ci gaba da aiki. Dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiyar rairayi kaɗan-kaɗan, ya taru a hanji ya zama ciwon ciki mai iya kashe shi. Masu bin hanyar Lekki zuwa Epe sun saba ganin dawakai na kiwo a gefen titi da kan bola, haƙarƙari a waje.

Masana kiwon dawakai na ba da shawarar kada doki ya ɗauki abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi. Ke nan dokin da ke da kilo 300 iyakarsa kilo 60. A ranar biki babu mai wannan lissafi. Zai yi wuya a ɗora laifin duka kan yaron da ke jan dokin, domin sau da yawa ba nasa ba ne. Yana da maigida da ke jiran kuɗi da yamma, akwai abin da ake biya kafin a bar doki ya yi aiki a wurin, ga abincin dabba, ga nasa. Ranakun aiki wurin fayau yake, damina kuma ta kori baƙi. Abin da aka samu Asabar da Lahadi shi zai riƙe mako, don haka ƙato in ya zo da kuɗinsa ba a mayar da shi.

Baƙo na da ta cewa a nan fiye da yadda yake zato. Mai zaɓen dokin da ya yi ƙiba, ya ƙi hawa wanda ke ɗingishi ko mai miki a baya, ya ce a ƙara ɗaure majayi a gabansa, ya ce tafiya yake so ban da gudu, ya kare kansa ya kuma nuna wa masu dawakin abin da ke kawo ciniki. Iyaye su ma gara su bi gefen dokin da ƙafa a maimakon tsayawa nesa da waya a hannu.

Filin na tsukewa

Babbar damuwar sana'ar ba ta doki ba ce, ta wurin tsayawa ce. Dattawan Legas sun san Bar Beach da ke gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island, inda kowa ke zuwa shan iska, masu dawakai na kai da komo. Teku ya fara cin wurin ne bayan da Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912. Katangun sun tare rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai gaɓar da ke gabas ta riƙa zaizayewa shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titi. A ƙarshe aka cike wurin da yashi, aka yi masa katangar dutse, aka kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. An tsare Victoria Island daga ambaliya, amma Bar Beach ta tafi ke nan.

Kuramo da ke maƙwabtaka da ita ita ma ta tafi a watan Agustan 2012, lokacin da teku ya yi toroƙo ya ci rayuka, gwamnatin jihar ta rushe rumfunan wurin ta kori mazauna. Harkar shaƙatawa ta koma gabas, zuwa Oniru da Elegushi da Alpha, wuraren da akasari ke hannun iyalan sarauta ko 'yan kasuwa, kuma sai an biya ake shiga. Mai doki a irin wannan wuri baƙo ne, da izini yake aiki, ana iya cewa ya tattara ya fita a kowane lokaci.

A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta fara aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita kusan 700. A ƙarshen watan Afrilun shekarar motocin rusau suka shiga wurin shaƙatawa na Landmark da ke yankin Oniru, aka cike gaɓarsa da yashi. An yi ta muhawara a jaridu kan asarar masu otal da gidajen abinci da batun diyya. Wanda dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu, ba shi da takardar fili ba shi da rumfa, bai shiga lissafin ba.

Duk gaɓar da aka rufe, dawakinta kan tattaru ne a wadda ta rage. Dawakai su yi yawa, baƙi su cunkushe a ɗan wuri, samari su riƙa rige-rigen kama ciniki, kuma a irin wannan yanayi ne ake mantawa da duba majayi. Wasu na ƙara gusawa gabas, wajen Ajah da Ibeju-Lekki, inda har yanzu akwai rairayi mai faɗi da itatuwan kwakwa kamar a Eleko, sai dai baƙi ba su kai na cikin gari yawa ba. Kashin farko na sabuwar hanyar, mai tsawon kilomita 47, ya tashi ne daga titin Ahmadu Bello, kuma a Eleko ɗin zai tsaya.