Kanikawan Lambata Da Motar Da Ba Ta Shan Mai

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Ikko zuwa gida ta Mokwa da Bida ya san Lambata, a Jihar Neja, inda hanyar ta haɗu da ta Suleja zuwa Minna. Nan kanikawan bakin titi suke cin abinci, da sufana da guduma da abin da suka koya wurin maigida. To, yanzu ga wata irin mota ta shigo ƙasa wadda ilmin nan bai ishe ta ba, watau mota mai aiki da lantarki.

A shekarar 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Ikko. A 2021 kuma aka buɗe wurin cajin irin motocin nan da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, mutane suka ƙara waiwayar su. Ko ba daɗe ko ba jima, wata za ta lalace a Lambata, ko a garejin da ɗanka yake koyon aiki a Agege ko Sabo ta Badun.

Ga inda haɗarin yake. Batirin motar da muka saba volt 12 ne, shi ya sa bakanike yake kama kansa da hannu ba abin da ya same shi. Na motar lantarki kuwa yakan kai volt 400, wasu har 800. Ko Toyota Prius, mai haɗa fetur da lantarki, nata ya kai volt 200. Wannan ya isa ya tsai da zuciyar ƙato nan take.

Saboda haka duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo, kada ka taɓa ta. A kashe mota, a nisanta makulli, domin ba ta ƙara ko tana kunne. Wanda ya koyi aikin shi ne zai zare filogin da ke raba batir da mota, ya jira minti goma, kana ya gwada da mita. Ya sa safar hannu ta roba wadda aka yi don volt 1,000, ya tuɓe zobe da agogo, kuma kada ya yi aiki shi kaɗai. In wuta ta kama mutum, a ture shi da busasshen itace, kada a ja shi da hannu.

Har ila yau, kada mai walda ya kusanci batirin. In ya fashe ko ya yi zafi ainun yakan kama da wuta, hayaƙinsa dafi ne, kuma yana iya sake tashi bayan an kashe shi da kwana guda. A janye jama'a nesa, a kira 'yan kwana-kwana.

Jama'a, matambayi ba ya ɓata. Bakaniken da ya ce "ban san wannan ba tukuna" kuɗin yini ɗaya ya rasa, amma ya koma gida wurin iyalinsa. Allah ya kiyashe mu, amin.